Mai Saurin Amsawa

Saura minti goma a rufe rajistar ɗalibai shafin ya ƙi buɗuwa, allon injiniyar da ke kula da shi kuwa kore shar, wai babu matsala.

"Injiniya, koren za mu ci?" in ji manaja, yana huci a ƙeyarta.

"Ranka ya daɗe, matsa in sha iska."

Ita ta rubuta umarnin da ke raba masu shiga shafin tsakanin kwamfutoci goma: wadda ta yi jinkirin amsawa a sauke mata kaya, a ɗora wa mai sauri. Ta bi sawu tana tsaki. Kwamfutoci tara masu aikin duk umarnin ya sallame su, don aikin na sa su jinkiri. Dubban ɗalibai na kan ta goma, tsohuwar kwamfutar gwaji da babu komai cikinta, wadda ko me aka tambaye ta nan take sai ta ce lafiya lau.