Tuddan Layin Maƙera

Masinjan sakatariyar Tsafe ma ya daina tambayar Malam Jatau wurin wa ya zo. Da ya hango shi yana jingine kekensa a gindin dalbejiya, sai ya matsa masa a benci. Kowa ya san abin da ke kawo tsohon: so yake a yi wa Layin Maƙera tuddan rage gudu, kuma ya rantse ba zai huta ba sai an yi su kafin wata kakar ta kewayo.

Layin nan a da turɓaya ne, jaki da keke kawai ke binsa. Da Gusau ta zama babban birnin jiha aka zuba masa kwalta, direbobin manyan motoci suka gano shi, suka riƙa ratsewa ta nan ranar kasuwa don kauce wa cunkoson babbar hanya. Mutanen layi da farko murna suka yi. Mata na shanya barkono a gefe, da kaka kuma manoma su baza wake da harawarsa a kan kwalta, motoci su tattake musu, an huta da bugun sanda.

Sai bara, bayan la'asar, wata motar hatsi ta bi ta kan Hussaina, ɗiyar Saude maƙwabciyar Jatau, yarinyar da ko makaranta ba a sa ta ba. Direban, wani mutumin Bungudu, ya sauko ya duba, ya ɗora hannu a ka, sannan ya faɗa mota ya tsere don tsoron jama'a. Babu wani babba a wurin sai Jatau. Da aka taru a kansa ana tambaya, abin da bakinsa ya iya furtawa ke nan: "Gudu shikai," wato gudu direban yake yi.

Tun ranar Jatau ya ɗauki maganar tuddan nan ya aza wa kansa. Shi da ba ya karatun boko, shi ya sa aka rubuta takardar koke, ya bi gida gida yana karɓar dangwalen yatsa. Ya je wurin mai unguwa, ya je wurin hakimi, ya tare kansila a ƙofar masallaci. Da aka ce sai injiniyoyi sun sa hannu a Gusau, ya hau bas ya tafi, ya wuni a rana ko ruwa bai nema ba. Kai, tsohon nan ya ga wahala! Ya rame har wuya ya fito, barci kuwa sai dai ya ji ana labarinsa.

Gonarsa ma ta shaida. Mutumin da aka sani da wake a layin nan, bana ko ƙwaya bai shuka ba. Na bara kuwa, da waken da harawar, kyauta ya ba wani Bafillace ya kwashe. Saude kan aiko masa da ƙosai da safe don godiya, sai ya mayar, ya ce cikinsa ya daina karɓa.

Ranar da Tukur, jami'in ayyuka na ƙaramar hukuma, ya zo awon titi, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, ni fa da na zo bara ban ga zanen birki bisa kwaltag ga ba."

"Wanda bai taka birki ba, ina za ka ga zane?" in ji Jatau, idonsa a ƙasa.

Tukur ya jinjina kai, ya ci gaba da awonsa.

Abin da ya fi cin ran Jatau shi ne wucewa ta ƙofar gidan Saude. Kullum zai ga Hasana, 'yar biyun marigayiyar, zaune a dakali ita kaɗai. Yara na wasan ɓuya a gabanta, ba ta shiga. An ce ranar da abin ya faru ita ce mai nema, kuma har aka yi jana'iza tana cewa ba ta gama dubawa ba. Wata safiya Saude ta tsayar da shi daga bayan ƙyauren zaure.

"Baba, Allah shi biya ka. Uban ɗiyar ma ya gaji, kai ba ka gaji ba. Shi ko wancan direba, ban yafe mai ba har gaban Allah."

Kalmar amin ta ƙi fita daga bakin Jatau. Ya ja kekensa ya tafi.

Ana gab da cire wake aka yi tuddan, aka shafa musu farin fenti. Layi ya cika, mai unguwa ya yi addu'a, ya ce unguwar da ta samu mutum irin Jatau ta gode Allah. Can sai ga motar farko, babba, ɗauke da buhunan dawa. Ta rage gudu, ta taho tana rarrafe, tayar gaba ta hau tudun a hankali ta sauka. Jama'a suka ɗauki tafi, yara na tsalle. Jatau kuwa ya zube a gefen kwalta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mutane suka ce a bar shi, kukan daɗi ne.

Ina daɗi! Ai daidai wannan rarrafen motar bara take yi, lokacin da shi Jatau ya ɗaga wa direban hannu yana dariya, ya nuna masa tulin wakensa ya ce ya taimaka ya taka masa, bai san Hussaina ta shige ƙarƙashin harawar ta ɓuya ba.