Ranar da Mai Gyaran Rediyo Ya Shigo Ajinmu

Ban yafe wa Malam Lawali ba, malaminmu na koyon sana'a a Bungudu. Da bai gayyato mai gyaran rediyon nan daga Gusau ba, da ban san na rasa komai ba.

Bayan azahar mutumin ya shigo, ya buɗe cikin wata matacciyar rediyo a kan tebur. Warin narkakkiyar dalma ya cika ajin. Ya ce, "Kai na bakin taga, zo ka riƙe ƙarfen narka dalmar nan." Na ɗiga dalmar inda ya nuna, rediyo ta yi tari, sai ga murya.

Ya dubi hannuna ya ce, "Wannan ba ya rawa. Ka same ni Sabon Gari ran Asabar, in koya maka."

Malam ya ce, "Ɗan Bawa? Shi kaɗai ne namiji a gidansu. Wa zai bi shanun huɗa?"

Yara suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Mutumin ya karɓi ƙarfensa a hankali, ya miƙa wa na kusa da ni.

An sauya shanun nan ban san sau nawa ba. Ni ne dai har yau a bayansu.