Awarwaron Inna

Ƙanena bakwaini ne. Da aka dawo da shi Dakoro daga asibitin Maraɗi, kowa ya ce ya tsira. Watanni suka wuce, amma Inna ta kasa zama wuri ɗaya, ta shiga ɗaki, ta fito, ta koma.

Wata la'asar ta kwantar da shi a tabarma, ta kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Ya juyo.

"To, ba ga shi ba? Yana gani sarai," in ji kakarmu. "Ki bar jawo mana abin da babu."

Inna ta zare awarwaronta, ta danƙa mini. "Riƙe su gam, kada su yi ƙara."

Na ji ɗumin jikinta a kansu. Ta sake kaɗa hannu, dama da hagu, har ta kusa taɓa gashin idonsa. Idanunsa suna can suna yawo, ba su bi ta ba.

Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in girgiza su, ya juyo, ko Inna ta samu ta zauna. Ban girgiza ba.

Yau da takuna ƙanena yake gane ni. Ni kuwa, jaririn kowa aka miƙo mini, sai na cire awarwarona kafin in karɓa.