Shekara Shida a Tsibiri

Kafin ƙarfe goma na safe Ƙaltume ta riga ta sayar da tsibirin sau biyu.

Aikinta ke nan a wani ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye da ke bayan babbar kasuwar Garwa. Masu hali su shigo, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata masu son kai iyali hutu ƙetare, Misye Gaston mai kamfanin ya nuna musu kujera a gabanta, ya ce, "Ku tambayi Madam. Shekara shida ta yi a can, a babban otel."

Ita kuwa ta iya baki, ko takardar talla ba ta dubawa. Takan ce yashin wurin fari ne, mai laushi kamar garin shinkafa, yana bin mutum har cikin aljihu. Akwai wani jan fure da ake rataya wa baƙi a wuya, idan ya taɓa farar riga sai an yi da gaske kafin ya fita. Ta san ɗakunan otel ɗin ɗari biyu da goma sha huɗu ne, ta san kowace safiya ake sauya zanin gado, ta san watan da Turawa suka fi cika wurin. Wani Alhaji ya taɓa tambayarta ko ruwan tekun da sanyi. Ta ce baƙi dai ba sa son fitowa daga cikinsa. Ya yi dariya, ya yanki tikiti huɗu.

Abu ɗaya ke haɗa ta faɗa da Gaston, ƙofa. Ko ana tsananin zafi, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, sai ta tokare ƙofar da dutse. Ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale ta.

A Lagdo kuwa, inda yayanta Sulaimanu ke bandar kifi, hotonta na rataye a ɗakinsa: tana sanye da farar riga mai tambarin otel, a jikin wani bango. Kowa a gidan ya san Goggo Ƙaltume babba ce a can. Duk sallah sai an zagaye ta a ce ta ba da labari, ita kuma ba ta taɓa ƙi ba.

Ranar Litinin Hidaya, 'yar Sulaimanu ta fari, ta shigo ofishin da ambulan a hannu. Shekara biyu da gama sakandare tana juya kifi a kan banda. Yanzu wani dillali ya samo mata aiki ta waya, a wannan tsibirin. Gobe za ta shiga mota zuwa Ngaundere, daga can jirgin ƙasa, ran Juma'a jirgin sama.

"Goggo, labarinki ne ya ja ni," in ji ta.

Ƙaltume ta buɗe kwantiragin. Wurin kwana da abinci duk a cikin otel. Ofis zai adana takardun ma'aikaci don kada su ɓace. Ta karanta layin sau biyu.

Ta ce wurin da nisa. Ta ce Yaya ya manyanta, wa zai kama masa aiki? Ta ce a bari damina ta wuce. Kowace hujja ta kawo, Hidaya ta karya ta da murmushi, har murmushin ya ƙare.

"Ke kin je kin ji daɗi, Goggo. Me ya sa ba kya so ni ma in je?"

Ana haka Gaston ya shigo da wasu ango da amarya. Ya taya Hidaya murna, ya ce gida ɗaya zai fitar da gwanaye biyu, ya zaunar da baƙin a gaban teburin. Ƙaltume ta dubi mai kamfanin, ta dubi 'yar yayanta. Ta san abin da zai tafi idan ta buɗe baki: kujerar nan, da girman da ake ba ta a Lagdo. Ta ga babu hanyar fita, sai ta fara karatun da ta saba. Yashi, fure, zanin gado. Hidaya na gefe rungume da ambulan, tana haɗiyar kowace kalma.

Amaryar ta katse ta. "Madam, da yamma in rana za ta faɗi, wane launi tekun yake yi?"

Gaston ya yi gyaran murya. Ƙaltume ta miƙe, ta zare ambulan daga hannun Hidaya, ta riƙe shi gam, ta ba da amsar tana kallon yarinyar.

"Ban sani ba. A ɗakin wanki na zauna, ƙarƙashin ƙasa, fasfo ɗina a kulle a ofis, mai gadi a bakin ƙofa. Sau biyu na ga tekun nan, Hidaya: ran zuwa da ran dawowa, ta tagar jirgin sama."