Sallamar Mutumin Bayan Teku

Shekarar da aka yi husufin rana, Kawu Sale ya kawo na'urar wasan gem gidanmu a Mandawari, ya jona ta da intanet. Ina korar jarumina cikin dajin wasan, sai wani mahayi ya tsaya gabana, ya rubuto sallama. Kawu ya karanta mana.

Kakana, da ke rubutu a gefe, ya ajiye alƙalaminsa. "Sale, inji ne ko ɗan Adam?"

"Mutum ne, Baba. Yana can bayan teku."

"Subhanallahi! To ai yana bin ku amsa."

Ajami kaɗai na iya. Kawu yana nuna mini baƙaƙen boko, ina dannawa ɗaya-ɗaya, ina fatan kada baƙon ya wuce. Har yau ina mamakinsa. Bawan Allan nan bai motsa ba sai da na kai ƙarshen "wa barakatuhu".