Agogon Nassim

Salular Moutari ta yi ƙara yana tsakiyar ɗaure kwalin takalman da za a aika Maradi, a wani sito kusa da Porte de la Chapelle a Paris. Ya duba. Saƙon ya ce Nassim ya gama zagaye a kan ruwa: minti sha ɗaya, mita ɗari biyu.

Wata huɗu ke nan da binne Nassim.

Moutari ya mayar da salular aljihu ya ci gaba da ɗaurinsa. Tun ranar jana'iza haka ya koma. Ko cewa aka yi siton ya kama da wuta, sai ya ƙarasa kwalin da ke hannunsa.

Nassim ɗansa ne tilo, shekara ashirin da uku. Wasan da ya tafi da hankalinsa shi ne foyil: allo ne da ake tsayawa a kai, da dogon ƙarfe mai fiffike a ƙarƙashi, mutum yana riƙe da wani tanti mai kama iska. In gudu ya kai, sai allon ya ɗaga sama da ruwa. Agogon hannunsa mai GPS ke rubuta komai, hanya da gudu da bugun zuciya. Shi ya haɗa agogon da salular uban da kansa, yana cewa, "Baba, regarde, ka riƙa ganin inda nake bi." Moutari bai taɓa buɗewa ba sai da layin hanyar Nassim na ƙarshe ya shigo. Layin ya yanke ne a gabashin wani tafki da ke bayan Lyon, inda kututturan itace ke ɓoye cikin ruwa.

Da yamma ya kira matarsa Sahadatou, wadda ke gidansu a unguwar Les Minguettes ta Vénissieux, kusa da Lyon. Shi a Paris yake aiki, kuma tun rasuwar ya daina komawa ƙarshen mako.

"Hajiya, ina agogon yaron nan?"

"Ba kai ka ce a yi sadaka da kayansa ranar arba'in ba, Alhaji? Ka ce kar a bar ko safa."

"Haka ne. Ya gwiwar taki?"

"Da sauƙi. Ina motsa ta."

Hirar ke nan. Ya gane wani bawan Allah ne ya samu agogon da allon a sadaka, bai san ana raba agogon da salular da aka haɗa shi da ita ba. Ya yi niyyar goge abin daga salular, sai ya manta, ko kuma ya bar kansa ya manta.

Saƙonni suka ci gaba da zuwa, Talata da Alhamis, ƙarfe goma na safe. Ko wane ne, bai iya komai ba. Layinsa a bakin tafki ya yi kama da zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ya kan faɗi sau ashirin cikin rabin awa. Zuciyarsa tana bugun ɗari da sittin alhali gudun bai wuce na mai tafiya kasuwa ba. Moutari ya yanke cewa ko tsoho ne ko mashayin taba.

Amma mutumin yana da naci. A watan Agusta layin ya miƙe. Wata Talata allon ya ɗaga na daƙiƙa arba'in, kilomita sha takwas a awa. Moutari ya kalli zanen sau uku yana tsaye a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Bai ji daɗi ba, bai ji haushi ba.

Sai a Satumba ya lura da abin da ke faruwa. Duk layukan gabas suke nufa, su juyo, kuma kowane mako sai sun ƙara nisa. Saura mita ɗari shida a kai kututturan. Saura ɗari uku. Ranar Talatar ƙarshe, saura tamanin.

A nan ne wani abu ya motsa a ƙirjinsa karo na farko cikin wata bakwai, kuma tsoro ne. Sadakarsa za ta kashe ɗan wani, a wuri guda, a kan allo guda. Ba shi da hanyar aika saƙo, don sunan da ke kan agogon na Nassim ne. Ya kira limamin unguwarsu a Vénissieux. Liman ya ce riguna da takalma dai an raba, amma shi bai ga wani allo ba.

Ranar Alhamis ya shiga jirgin ƙasa na asuba zuwa Lyon. Ya kira gida daga cikin jirgi don ya ce yana tafe, ba a ɗauka ba.

Goma da kwata yana tsaye a gaɓar gabas, iska tana kaɗa rigarsa. Can ya hango mutumin, baƙaƙen kayan ruwa tun daga wuya har ƙafa, da hular kwano, allon yana sama da ruwa, ya miƙo kai tsaye. Moutari ya ɗaga hannu biyu.

"Demi-tour! Akwai itace a nan! Ka juya!"

Bai juya ba. Ya sassauta tantin, allon ya sauka a hankali, taku kaɗan kafin kututturan, daidai inda layin Nassim ya yanke. Ya zauna a kan allon ya ɗaga tafukan hannu. Ya daɗe a haka. Ashe ya san da kututturan sarai.

Daga baya ya turo allon zuwa gaɓa, yana ɗingishi cikin ruwan da ya kai ƙugu. Moutari ya shirya faɗan da zai yi masa, da Faransanci da Hausa. Mutumin ya tsaya gabansa ya kwance igiyar hular.

"Alhaji," in ji Sahadatou tana haki, "kai a salula ka ga inda ɗanmu ya tsaya. Ni so na yi in zo da kaina."