Wanda Haris Ya Nutsar a Tekun Zarkana

"Harba, Haris! Ga babban jirgin ruwansa nan!"

Majalisar shayi ta tashar Belbeji ta rikice, kowa ya leƙo wayar Haris tela. A wasan intanet da yake bugawa duniya duka yaƙi take, yau kuma karon ƙarshe ne a Tekun Zarkana. Abokin gaba shi ne wani ɗan wasa mai laƙabin Dodon Ruwa, wanda ba a san ko waye ba, ba a kuma taɓa kayar da shi ba.

Haris ya danna. Jirgin ya kama wuta, ya kife, ya nutse.

Sai ihu! Abokinsa Zakiyyu ya yi tsalle har ya ɓarar da shayi. Aka ɗaga Haris sama, mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.

Daɗi ya kwashe shi, ya aika saƙon murya: "Dodon Ruwa, koma kiwon awaki! Teku ta fi ƙarfinka!"

Amsa ta shigo. Aka ƙure sauti ana dariya.

"Haris, ashe kai ne? Almustafa ne, baban Ramla. Awaki na gaishe ka. Gobe in kawunnanka za su zo neman aurenta, ka biyo su da wayarka. Ba a sa rana sai na rama."